Sunuka Bayan Shekara Arba'in: Gyaran Sanda da Ƙarfin Halin Shiga Gasa

A ƙarshen watan Nuwamban 1988, a zauren Guild Hall da ke garin Preston a arewacin Ingila, wani mutumin Wales mai shekara 46, Doug Mountjoy, ya fito wasan ƙarshe na gasar sunuka ta Birtaniya. Wanda zai kara da shi Stephen Hendry ne, yaro ɗan shekara 19 daga Scotland, sa'an ɗansa, wanda kowa ya riga ya hango shi ne zai gaji sarautar wasan. Wata bakwai kafin wannan rana Neal Foulds ya yi wa Mountjoy kaca-kaca da ci 13 da 1 a gasar duniya, ya kuma gangaro zuwa na 24 a jerin gwanaye. Masu sharhi sun gama yi masa sallama, suna cewa ai zamaninsa ya wuce.

Sai ga shi ya doke Hendry 16 da 12. A cikin wasan ya jera turmi uku, kowanne yana tara maki fiye da ɗari a hawa ɗaya. Bayan 'yan makonni, a Janairun 1989, ya sake ɗaukar wani babban kofi, inda ya ci Wayne Jones 13 da 11. Mutumin da aka cire wa rai ya haura har zuwa na biyar a duniya.

Mountjoy bai sake sanda ba, bai kuma sha wani magani ba. Zuwa ya yi wurin Frank Callan, tsohon mai sayar da kifi daga garin Fleetwood wanda ya zama malamin sunuka, ya ajiye girman kai, ya yarda a warware masa bugun da ya shafe shekara talatin yana yi a sake ɗinka shi daga farko. Callan ya gano cewa sandarsa ba ta tafiya a miƙe, tana ɗan yankar farar ƙwallo ta gefe, tana sa mata murɗar da shi kansa bai yi niyya ba. Ya kuma lura cewa bugu mai wuya Mountjoy yakan natsu a kansa, mai sauƙi kuwa ya yi masa garaje. Sai ya ɗora shi a kan tsari guda: kowane bugu, mai wuya da mai sauƙi, shiri iri ɗaya, lokaci iri ɗaya.

Hausawa kan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A kan teburin sunuka dai maganar ba ta cika ba, kuma wannan shi ne abin da nake so duk wanda ya haura arba'in yana riƙe da sanda ya ji. Shekaru suna rage ido, suna rage baya, suna taɓa zuciya. Miƙewar sanda kuwa koyonta ake yi, ana iya sake koyonta da furfura.

Teburin da ba ya yafiya

Kafin a yi nisa, ya kamata a raba abu biyu. Yawancin teburan da ake kira na sunuka a bakin titi da shagunan unguwanninmu ƙanana ne, masu faffaɗan rami, kuma wasan da ake yi a kansu ɗan uwan sunuka ne da Turawa ke kira ful. Sunuka ta asali, wadda hafsoshin sojan Birtaniya suka ƙirƙiro a Jabalpur ta ƙasar Indiya a 1875, ana yin ta ne a tebur mai tsawon ƙafa 12 da faɗin ƙafa 6. Ƙwallaye 22 ne: fara ɗaya, jajaye 15, sai masu launi shida, daga ruwan ɗorawa mai maki 2 zuwa baƙa mai maki 7. Ana cin ja, a ci mai launi, a koma ja, har jajayen su ƙare, sannan a kwashe masu launi bi da bi. Wanda ya haɗa kowace ja da baƙa ya share tebur ya tara 147, matuƙar abin da ake samu a hawa ɗaya a bisa al'ada.

Girman teburin shi ne tushen wahalar. Faɗin ƙwallo milimita 52.5 ne kacal. Idan fara ta kauce wa inda ya kamata ta taɓa ja da milimita ɗaya, kuma jar tana da tafiyar mita ɗaya da rabi kafin ta kai rami, za ta isa can ta kauce da kusan santimita uku. Hakan ya isa ta bugi leɓen rami ta yi rawa ta dawo. Milimita ɗaya fa, abin da bai kai kaurin tsinken ashana ba. Shi ya sa malaman wasan suke cewa yawancin ƙwallayen da ɗan wasa ke zubarwa ba saiti ne ya ɓata ba. Ya ga layin daidai, sandar ce ba ta bi layin ba.

Yadda ake miƙa sanda

Joe Davis, wanda ya ci gasar duniya sau 15 a jere tsakanin 1927 da 1946, ya zauna ya rubuta ilimin miƙa sanda a littafinsa How I Play Snooker na 1949. Steve Davis, wanda ba su haɗa dangi ba sai suna, da wannan littafi shi da mahaifinsa suka gina bugun da ya ba shi kofin duniya shida. Har yau ginshiƙan ba su canja sosai ba.

Bugu yana farawa ne tun mutum yana tsaye. A nan ake yanke shawara: wace ƙwallo, wane rami, ina fara za ta tsaya, da wane ƙarfi. Ɗan wasa ya tsaya a bayan layin bugun, ya taka ƙafar dama a kan layin idan na-dama ne, ya jefa ta hagu gaba da ɗan gefe, sannan ya sauko. Wanda ya sunkuya tukuna sannan ya fara neman saiti da karkata sanda ya riga ya ɓata rabin aikin.

Da ya sauko, sai hannun gaba ya kafa gada. Tafin hannu a shimfiɗe kan ƙyalle, yatsu a buɗe suna danne da shi, babban yatsa ya ɗago ya manne da manuni, su bar ɗan kwari inda sanda za ta riƙa zamewa. Tsakanin gadar da farar ƙwallo kamar taƙi ɗaya da ɗan ɗori. Haɓa ta sauka kan sanda, sanda ta goga gefen ƙirji, hannun baya ya riƙe gindinta. Wurare huɗu ke nan da suke tsare ta: gada, haɓa, ƙirji da hannun baya. Idan huɗun nan suka zauna, sanda ba ta da wata hanya sai gaba da baya, kamar allurar keken ɗinki da ba ta san ko'ina ba sai raminta.

Riƙon hannun baya shi ne inda mafi yawan 'yan sha'awa suke faɗuwa. Damƙa suke yi. Mutum ya ga ƙwallo mai nisa, ya ji tana bukatar ƙarfi, sai ya matse yatsu, tsintsiyar hannu ta murɗe, bakin sanda ya yi gefe a daidai lokacin da ya taɓa fara. Riƙon da ake so sassauƙa ne, babban yatsa da manuni su yi zobe, sauran yatsun su ɗan buɗe idan sanda ta ja baya, su rufe da kansu idan ta tafi gaba. Ƙarfin bugu daga tsawon ja da baya yake fitowa da kuma yadda sanda ke ƙara sauri a hankali, ba daga matsa ba. Gwiwar hannu na sama tana tsaye cak, daga ita zuwa ƙasa ne kawai ke lilo.

Sai kai-komon gwaji, sau biyu ko uku ko huɗu, gwargwadon abin da mutum ya saba, muddin dai kullum adadin ɗaya ne. Ido yana zirga-zirga tsakanin fara da wadda za a ci. Daga nan bakin sanda ya tsaya dab da fara, a ja baya a hankali, a ɗan dakata. Wannan 'yar dakatawar ta baya, wadda ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba, ita ce a ganina abu mafi daraja da mai shekaru zai koya. A cikinta ne ido yake komawa ya kafe a kan ƙwallon da za a ci, a cikinta ne kuma hannu yake mance fizga. Sannan sanda ta tafi, ta ratsa inda fara take ta wuce da 'yan inci, hannun baya ya zo ya tsaya a ƙirji. Kai kuwa ba ya motsi har sai ƙwallo ta faɗa ko ta ƙi. Ɗaga kai da wuri don a ga sakamako ya zubar da ƙwallaye fiye da duk wani kuskure.

Za a ce ai Alex Higgins duk jikinsa rawa yake yi idan zai buga, ya kuma ci kofin duniya a 1972 da 1982. Gaskiya ne. Amma baiwa irin tasa ba a rabawa a layi, kuma bugun da ya dogara kan kaifin ido da saurin hannu shi ne shekaru suke fara cinyewa. Wanda ya gina nasa a kan tsari yana da abin da zai koma wa ranar da jiki ya ƙi.

Akwai gwaji ɗaya da ba ya ƙarya, kuma ba ya bukatar abokin wasa. Ɗora fara a kan ɗigon ruwan ƙasa, ka buga ta a tsakiyarta ta bi ta kan ɗigon shuɗiya da na ruwan hoda da na baƙa, ta daki bangon can ta dawo. Kada ka tashi, bar sandar inda ta tsaya. Idan bugunka a miƙe yake, ƙwallon za ta dawo ta sumbaci bakin sandar, ka ji ɗan "tak" a hannunka. Idan ta wuce ta dama, ka taɓa ta ta dama ba ka sani ba. Da bugu a hankali kusan kowa yana dacewa. Ƙara ƙarfi ka gani: nan ne mutumin da ya shekara ashirin yana wasa yake gane cewa duk tsawon lokacin nan yankar ƙwallo yake yi, ƙwaƙwalwarsa tana gyara masa saiti a ɓoye don ta rufe aibin. Minti goma na wannan a farkon kowane atisaye ya fi awa biyu na buge-buge da abokai. A yau ma abin ya zo da sauƙi, domin waya a jingine a ƙarshen tebur za ta nuna maka abin da a da sai irin su Callan ne ke iya gani.

Ita kanta sandar ba sai mai tsada ba. Galibi tsawonta inci 57 zuwa 58 ne, da 'yar fata a baki mai faɗin milimita 9 zuwa 10, wadda ake kankarewa ta yi ɗan tudu a kuma riƙa goga mata alli kafin kowane bugu. Hendry da sandar fam 40 ya ci kofunansa bakwai na duniya, har zuwa 2003 da ta karye a cikin kayan jirgi. Abin da ya fi muhimmanci shi ne mutum ya zauna da guda ɗaya har hannunsa ya san ta. Mai shekaru da kuɗi suka ɗan zauna masa yakan faɗa tarkon sake sanda duk lokacin da wasa ya ƙi, alhali matsalar tana gwiwar hannunsa.

Ido ne ke fara gajiya

Daga wajen shekara 40 ƙwayar ido takan fara rasa laushinta, sauyawa daga kallon kusa zuwa na nesa ya riƙa ɗaukar lokaci. Sunuka kuwa wannan sauyawar ce aikinta: fara tana gaban hanci, ja tana can mita biyu ko uku. Ƙari a kan haka, wanda ya sa tabarau na yau da kullum ya kwantar da haɓa kan sanda zai tarar ta saman gilashin yake leƙe, ko kuma ƙarfen tabarau ya raba masa ƙwallo biyu.

Dennis Taylor ya sha wannan wahala, har Jack Karnehm, mai sharhin wasan wanda ya iya aikin tabarau, ya ƙera masa wasu manya masu tsawo zuwa goshi, waɗanda mutane suka riƙa cewa a kife ya sa su. Da su ya ci wasan ƙarshe na gasar duniya ta 1985, inda ya doke Steve Davis 18 da 17 a kan baƙar ƙwallo ta ƙarshe, mutum miliyan 18 da rabi suna kallo a Birtaniya bayan sha biyun dare. Tun kafin shi, Fred Davis, ƙanen Joe, da tabarau na musamman ya yi wasa, kuma ya kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar duniya ta 1978 yana da shekara 64.

Akwai kuma batun idon da ya fi ƙarfi. Kusan kowa yana da ido ɗaya da ƙwaƙwalwa ta fi dogara da shi. Joe Davis idonsa na dama rauni gare shi, don haka a ƙarƙashin na hagu yake kwantar da sanda. Idan ƙarfin idanun ya sauya da shekaru, mutum zai iya ganin sandarsa a tsakiyar fara alhali tana gefe. Mark Williams, wani ɗan Wales ɗin, ya kasa ko shiga zauren Crucible na Sheffield, inda ake yin gasar duniya, a 2017, har ya fara tunanin ajiye sanda. Ya koma wurin Stephen Feeney, mai tsarin gyaran saiti da ake kira SightRight, aka daidaita masa yadda yake hawa layi. A 2018, yana da shekara 43, ya ci kofin duniya na uku, shekara 15 bayan na biyu, ya doke John Higgins 18 da 16. A 2025 ya sake kai wasan ƙarshe yana da shekara 50, yana faɗa a fili cewa ƙwallayen nesa dishi-dishi yake ganinsu. Zhao Xintong na China ya ci shi 18 da 12, amma babu wanda ya taɓa kai wannan mataki da shekaru irin nasa. Mutumin da ba ya ganin ƙwallo sosai ya kai can, to me ya kai shi in ba hannun da ya san hanyarsa ba?

Baya da wuya da gwiwa su ma suna da nasu ƙorafin. Tsayin tebur bai kai santimita 90 ba, kuma wasa ɗaya na iya sa mutum ya sunkuya sau ɗari. Babu laifi a buɗe ƙafafu, a lanƙwasa gwiwa biyu maimakon a kafe ta baya. Idan haɓa ta ƙi kaiwa sanda sai da azaba, a bar ta ɗan sama. Tsofaffin 'yan wasan da suka gabata da yawa a haka suka yi. Abin da ba a sassautawa shi ne kai ya tsaya cak. Ƙwallon da ta yi nisa kuma a daina miƙewa a kan tebur ana ɗaga ƙafa, a ɗauko sandar tallafi mai kan gicciye a koyi aiki da ita sosai, domin mai shekara hamsin zai bukace ta ninkin yadda ɗan ashirin zai bukata.

Sai wadda ba a son ambata, wato ƙagewar hannu. Mutum ya ja sanda baya, hannu ya ƙi sakinta, ko ya sake ta da fizga. Patsy Fagan, wanda ya ci gasar Birtaniya ta farko a 1977, ta kama shi a kan sandar tallafi har ta lalata masa sana'a. Hendry da bakinsa ya ce ta shekara da shekaru tana cinsa kafin ya yi ritaya a 2012. Ba ta da magani guda da kowa ya yarda da shi, kuma duk wanda ya taɓa ganin gwani yana fama da ita a gaban jama'a ya san abin tausayi ne. Abin da ake ba da shawara a kai dai shi ne wancan tsarin na Callan: adadin kai-komo ɗaya, lokaci ɗaya, kada a daɗe a sunkuye ana tunani.

Ma'aikatan da suka daɗe a layin 'yan sha'awa

Abin da ya sa labarin 'yan kudancin Wales na zamanin Mountjoy yake taɓa ni shi ne kusan dukkansu sai da suka manyanta suna aikin ƙarfi kafin sunuka ta zama abincinsu.  Mountjoy mahaƙin kwal ne, sai da ya ci gasar duniya ta 'yan sha'awa a 1976 sannan ya zama ɗan sana'a yana da shekara 34. Ray Reardon ya shiga ramin kwal yana ɗan shekara 14, ƙasa ta taɓa rufta masa ya yi awa uku a binne, ya fito ya shiga aikin ɗan sanda, bai zama ɗan sana'a ba sai yana da 35, kuma ya ci kofin duniya shida, na ƙarshe yana da 45. Terry Griffiths ya yi kwandastan bas, ya yi rabon wasiƙu, ya yi dillancin inshora, sannan ya ci gasar duniya a 1979 a zuwansa na farko.

Amma wanda ya fi dacewa da maganarmu Cliff Wilson ne, abokin hamayyar Reardon tun suna samari a garin Tredegar. Ya ci gasar 'yan sha'awa ta Wales a 1956, sannan ya ajiye sanda gaba ɗaya har kimanin shekara 15, yana aiki a masana'antar ƙarfe, ga matsalar ido. Da ya dawo, ya sake cin gasar Wales a 1977, shekara 21 bayan ta farko. A 1978 ya je Malta ya ɗauko kofin duniya na 'yan sha'awa yana da shekara 44. Ya shiga sahun 'yan sana'a yana da 45, ya kutsa cikin gwanaye 16 na duniya yana da 54, kuma shi ya ci gasar dattawa ta duniya ta farko a 1991.

Ƙofar ba ta rufe ba har yanzu. Tun 2011 akwai gasar share fage da ake kira Q School, wadda ɗan sha'awa zai biya kuɗin shiga ya nemi gurbi a cikin 'yan sana'a, kuma ba a korar kowa don ya tsufa. Ta nan David Lilley, ma'aikacin inshora daga arewa maso gabashin Ingila wanda ya ci gasar 'yan sha'awa ta ƙasarsa sau uku, ya samu shiga a 2019 yana da shekara 43. Bayan shekara biyu ya ci gasar dattawa ta duniya, ya doke Jimmy White a wasan ƙarshe. Ita wannan gasa an farfaɗo da ita a 2010, kuma a 2018 wani ɗan sha'awa daga tsibirin Jersey, Aaron Canavan, ya ɗauke ta a gaban tsofaffin zakaru. Hukumomin 'yan sha'awa na duniya da na Turai su ma suna da rukunin dattawa, wanda aka daɗe ana farawa daga shekara 40.

Yawancin masu shekaru dai ba nan za su je ba. Fagensu shi ne gasar kulob-kulob ta gari, wadda a Birtaniya ake yi da daddare a tsakiyar mako. Ƙungiya mutum huɗu ko biyar, sau da yawa kowa turmi ɗaya zai buga. Akwai tsarin rangwame, inda ake ba mai rauni wasu maki tun kafin a fara, don ɗan shekara saba'in ya iya karawa da saurayin da ke tara ɗari. Kada a raina wannan fage. Mutum ya wuni a wurin aiki, ya zo ya zauna awa biyu yana jiran layinsa, hannu ya yi sanyi, sannan a kira shi ya buga turmi ɗaya tak wanda nasarar ƙungiya ta rataya a kansa, abokansa suna zaune a bayansa shiru. Ruwan hodar da yake ci ido rufe a atisaye sai ya ga ramin ya tsuke. Bugun zuciya yana jin sa har a yatsun gada. A irin wannan lokaci babu abin da ke ceton mutum sai tsarin da ya maimaita har ya zama jiki: tsaya, taka layi, sauka, kai-komo uku, dakata, saki, zauna.

Yadda dattijo yake cin yaro

Kuskuren da na fi gani wurin masu shekaru shi ne son yin wasan da suka yi suna da ashirin da biyar. Ja mai nisa ta leƙo, zuciya ta ce ai da can ba ka zubar da irin wannan. Da can ke nan. Yanzu idan cikin goma uku kake ci, bakwai ɗin kyauta ce kake miƙa wa yaron da ke jira.

Turmin 'yan sha'awa ba a cika cin sa da hawa ɗaya ba. Ana cin sa ne da ashirin nan, talatin can, da kuma hana abokin karawa sakat. A nan dattijo yake da jari. Ya san yadda zai shafi ja siriri ya maido da fara ta kwanta a jikin bangon ƙasa, bayan koriya ko ruwan ƙasa, yaro ya zo ya tarar babu abin bugawa. Ya san bugun da idan ya shiga ya ci, idan bai shiga ba bai bar komai ba. Ya san ya tura baƙa jikin bango idan yana gaba da maki, ya san lissafin abin da ya rage a tebur ba sai ya dubi allo ba. Kowane kuskuren da aka tilasta wa abokin karawa aƙalla maki huɗu ne. Saurayi mai zafin hannu idan aka hana shi ƙwallo minti goma yakan gaji ya kai wa wadda ba ta ciwuwa hari, daga nan tebur ya buɗe. Wasu suna kiran wannan wasan tsoro. Ni ban yarda ba; rabin sunuka ke nan, kuma Reardon da shi ya mallaki shekarun 1970, shi ne kuma abin da Ronnie O'Sullivan ya je ya koya a wurinsa kafin ya ci kofin duniya na 2004. O'Sullivan ɗin ne ya zo ya karya tarihin malaminsa a 2022, ya ci na bakwai yana da shekara 46.

Sai dai tsaro kaɗai ba ya cin wasa. Idan dama ta zo, dole a ci ƙwallaye masu sauƙi a jere, kuma nan ne ake komawa kan miƙewar sanda. Mai iyali da aiki ba shi da awa shida a rana irin na 'yan sana'a. Idan awa uku yake samu a mako, a ganina ɗaya ya kamata ya zama shi kaɗai a tebur: gwajin ɗigo, sannan ya jera jajaye a layi tsakanin shuɗiya da baƙa ya yi ta ɗauka yana lura da inda fara ke tsayawa, sannan 'yan dogayen bugu miƙaƙƙu. Ya riƙa rubuta abin da ya samu don ya san ko gaba yake yi. Ranar gasa ya ci abinci mara nauyi, ya sha ruwa, ya ɗan miƙe baya da kafaɗa kafin a kira shi.

Gyaran bugu yana da ɗaci a farko, wannan kam babu ɓoyewa. Makonnin farko wasa lalacewa yake yi, waɗanda kake ci su fara cin ka, zuciya ta riƙa cewa koma wa tsohon hannunka. Yawancin mutane a nan suke juyawa. Mountjoy ma bai ga amfanin aikin Callan washegari ba, sai da ya shafe watanni yana maimaitawa. Shi kuwa Reardon bai daina zuwa tebur ba har ƙarshen rayuwarsa. A Nuwamban 2023, yana da shekara 91, ya tara maki ɗari a hawa ɗaya, watanni kaɗan kafin rasuwarsa a Yulin 2024.

Don haka kai da ka haura arba'in, sandarka tana jingine a bayan ƙofa: fara da zuwa a auna maka ido, ka gaya wa likitan cewa a sunkuye kake kallo, daga kusa har zuwa mita uku. Ka sa wani ya ɗauki bugunka a waya ta gaba da ta baya, ka kalla ba tare da kare kanka ba. Idan an kafa takardar gasa a kulob ɗinku, rubuta sunanka a wannan karon, kada ka jira sai hannu ya gama gyaruwa.